Gudun fitar rai kullum yana cin jikin matasanmu

Malam Edita, assalamu alaikum.

Muna roƙon fili a jaridarka domin matasan Damagaram masu gudun asuba, musamman masu shirin gwajin shiga soja da 'yan ƙwallo da 'yan kokowa. Da yawansu sun ɗauka in ba a yi gudu har numfashi ya sarƙe ba, to ba a yi horo ba. Wannan fahimta tana cutar da su, kuma abin yana damunmu ƙwarai.

Abu biyu jiki yake ƙonawa: kitse da sukari. Kitse yana da yawa ko a jikin siriri, amma ajiyar sukari ba ta wuce kimanin giram 400 a tsoka da 100 a hanta. In mutum yana sassarfa, har yana iya hira da na kusa da shi, sinadarin insulin mai daidaita sukarin jini yana sauka, kitse ya fito cikin jini, tsoka ta yi aiki da shi. Da zarar haki ya hana magana, adiranalin, sinadarin da ke zaburar da jiki, sai ya hau sosai, tsoka ta koma kan sukari, ajiyar kuwa da wuya ta kai mutum fiye da minti 90. Daga nan ƙafa ta yi nauyi, jiri ya biyo baya.

Akwai kuma kotizol, sinadarin da jiki ke fitarwa lokacin wahala, wanda ke ƙaruwa in gudu ya yi tsanani ko ya wuce awa guda. Cikin aikinsa har da rushe naman tsoka domin hanta ta haɗa sukari. Na yini ɗaya ba laifi, barci da abinci suna mayar da shi daidai. Ɓarnar tana zuwa ne in an maimaita kullum, ciki ba komai. Sai testosteron, sinadarin mazakuta, ya sauka ga namiji, mace kuma al'adarta ta rikice ko ta ɗauke, ƙashi ya yi rauni. Za ka ga saurayi yana ƙara wahala gudunsa yana raguwa, barci ya gagara, mura ba ta rabuwa da shi, ga saurin fushi. Wanda bugun zuciyarsa na lokacin farkawa daga barci ya ƙaru da 5 zuwa 10 a minti kwanaki a jere, hutu yake bukata.

Shawararmu ita ce kashi 80 cikin 100 na gudun mako ya zama mai sauƙi. A cire shekarun mutum daga 220, a sami kimanin ƙololuwar bugun zuciyarsa a minti. Ɗan shekara 20 ke nan 200, a gudu mai sauƙi bugunsa ya tsaya tsakanin 130 da 150, wato kashi 65 zuwa 75 cikin 100 na ƙololuwar. Ba sai da agogo mai tsada ba: a ɗora yatsu biyu a wuyan hannu, a ƙirga bugun na daƙiƙa 15, a ninka sau huɗu. Gudu mai zafi kwana biyu a mako ya isa, kuma kada su zo a jere. A ɗumama jiki minti 15, a yi minti 4 da ƙarfi, minti 3 a hankali, har sau huɗu.

A watannin Afrilu da Mayu, da zafi ke haura digiri 40, mutum yana iya zubar da lita ɗaya zuwa biyu na gumi a awa. A hau ma'auni kafin gudu da bayansa. Duk kilo ɗaya da ya tafi, a sha ruwa lita ɗaya da rabi a hankali, abinci kuma ya ji gishiri. Kada a wuce awa guda bayan gudu ba a ci ba. Fura da nono, ko kunu da ƙosai, sun haɗa sukarin da furotin ɗin da tsoka ke nema.

Mai ciwon sukari da ke allurar insulin ya riƙe dabino a aljihu, ya kuma shawarci likitansa kafin ya fara, domin sukarinsa yana iya faɗuwa sa'o'i bayan an gama, har cikin dare.

Mun gode.

Daga wasu masu horar da 'yan gudu da ma'aikatan lafiya,
Damagaram.