Makunnan hita a tsofaffin gidajen Ingila, dan Allah a daina lalube

Assalamu alaikum Malam Edita, a ɗan bani fili in yi magana da 'yan uwanmu ɗalibai da ma'aikatan jinya da suke ta shigowa Ingila suna kama haya a tsofaffin gidaje, domin da sanyi ya kankama zakaga ana ta turo hoton makunnai a WhatsApp ana tambayar wannan na meye, kowa kuma na ba da fatawa, wani ma bai taɓa ganin abin da idonsa ba.

Wanda yafi rikita mutane shine ƙaton akwatin hitar ɗumama ɗakin nan na jikin bango mai nauyin tsiya. Bulo ne cike a cikinsa, da dare yake shan wuta lokacin da take da araha a tsarin Economy 7, wanda aka fara tun 1978, awa 7 ne yawanci daga wajen 12 na dare zuwa safiya, sai ya wuni yana sakin ɗumin a hankali. Shi yasa in ka kunna shi da la'asar ba zaka ji komai ba, sai mutum yace ai ya lalace yaje ya sayo ƙaramin hita mai fanka yana ƙona wutar rana mai tsada, ƙarshen wata bil yazo ana salati. A samansa akwai abin murɗawa guda biyu, mai rubutun input shi ke cewa ga yawan zafin da za'a tara da dare, mai output kuma wata 'yar ƙofa yake buɗewa zafin ya fito. Ka rage output kafin ka kwanta da lokacin fita aiki, ka ƙara da yamma, in ba haka ba kafin magariba ya huce. Kuma iyayenmu mata dan Allah banda shanya a kansa, gobara ake jawowa.

Sai makunnin nan mai 'yar jar fitila a kicin ko kusa da tankin ruwa, galibi na hitar ruwan wanka ne, kilowat 3 take ja, barinta a kunne dare da rana asara ce kawai. In kuwa kaga wani abin murɗawa a gareji an saita shi wajen 5, barshi, aikinsa tayar da hita kada ruwan famfo ya daskare ya fasa bututu.

Abin da yafi damuna shine masu ɗan sanin aikin wuta daga gida da suke kwance murfin makunni su leƙa. Tsofaffin gidajen jar waya da baƙa ne dasu irin wanda muka saba, daga 2004 zuwa 2006 aka koma ruwan ƙasa da shuɗi, gida ɗaya sai ka tarar da duka biyun, kuma a cikin makunni baƙar waya ma tana iya ɗaukar wuta. Ga layin hitar dare kuma, shi da rana a mace yake, ka gwada kaga babu komai, lokacinsa nayi mita ta sako wuta ba sallama. Wasu tsofaffin mitocin ma da siginar rediyon BBC ake juya su tsakanin wutar rana da ta dare, kuma tun ƙarshen Yunin 2025 aka fara kashe wannan tsarin, mai irinta ya kira kamfanin wutarsa a canza masa. Akwatin hitar kansa kar a buɗe, wasu na kafin tsakiyar shekarun 1970 akwai asbestos a ciki, wani abu mai illa ga huhu in an shaƙi ƙurarsa.

Doka a Ingila ta wajabta wa mai gidan haya ya sa a duba wayarin aƙalla duk shekara 5, ya baka kwafin takardar, EICR ake kiranta. Ka nema, sannan ranar karɓar mukulli ka sa shi ko ejan ɗinsa su zagaya da kai makunni ɗaya bayan ɗaya kana rubutawa kana liƙawa a jiki.

Wassalam, naku mai karatu daga Bradford.