A faɗaɗa tsohuwar coci, kada a rushe ta

Edita, ina gaisuwa.

Ni magini ne, ɗan Katolika a Jos. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne wata al'ada da ta kama mu: da zarar masu ibada sun yi yawa, sai kwamiti ya ce a kawo katafila a baje tsohuwar cocin dutse, a zuba ta siminti mai tayil. Ana kiran wannan ci gaba. Ni dai ban yarda ba.

A ƙauyen Brixworth na Ingila akwai wata coci da aka gina sama da shekara 1,100 da suka wuce, tun ƙasar tana ƙarƙashin Paparoma, kafin Sarki Henry na Takwas ya ɓalle a 1534. Maginanta ba su ma toya sabon bulo ba. Jan bulo na tsofaffin gine-ginen Rumawa suka kwaso, suka jera shi a kan ƙofofi ya yi baka. Da aka rushe ƙananan ɗakunan gefe da ake shiga ta waɗannan ƙofofin, ba a taɓa bakunan ba, an dai cike ƙasansu da dutse aka fitar da tagogi. Har yau idan ka tsaya a waje za ka ga layin tsohon bulon, ja, a cikin bangon. Daga baya wasu suka manna zagayayyen matakala a jikin hasumiya, a ƙarni na 14 kuma aka ɗora mata tsini. Kowane zamani ya sa hannunsa, amma ba a baje cocin ba.

Haka yawancin tsofaffin cocin Ingila suka girma. Jama'a ta ƙaru? Sai a huda bangon gefe, a tsayar da ginshiƙai, a ƙara ɓangare ɗaya a gefen. Duhu ya yi yawa, a ɗaga bango a jera tagogi a sama. Wannan aikin ba ya fin ƙarfin maginanmu, wallahi. Dutsen Filato ya fi wanda suka yi aiki da shi tauri, kuma kakanninmu a ka suka ɗauko shi, mata da maza, ba a biya su ko kwabo ba.

Ina roƙon Fada-Fada da 'yan kwamiti, kafin a sa hannu a takardar rushewa, a kira tsohon magini ya duba harsashin. In yana da ƙwari, a faɗaɗa ta gefe, kuɗin ma ya fi sauƙi.

Naku,
Wani magini, Tudun Wada, Jos