Zuwa ga aminina, kan batun zuma da atishawa

Assalamu alaikum,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali. Saƙonka ya iso, kuma raina bai yi daɗi ba da na ji atishawa da ƙaiƙayin ido sun sake tasar maka. Ka ce duk shekara da watan Yuni ya kama a Ingila haka kake fama, har abokan aikinka sun ce ka nemi zumar yankinku, wai tana sa jiki ya saba da garin furen wurin, wato ƙurar nan mai laushi da fure ke fitarwa.

Ni ma na taɓa riƙe wannan zance. Ka dai san yadda nake komawa idan hunturu ya shigo Zariya. Shekara biyu ina shan cokali guda kowace safiya, zuma ce gangariya daga amyar da wani dattijo ke ɗorawa a kan kaɗanya. Maƙogwaro ya yi laushi, tarin dare ya lafa, amma yoyon hanci yana nan daram. Daga baya na gane tawa matsalar ƙura ce da iska ke kwasowa tun daga Bodele a Chadi, ina ruwanta da fure?

Taka kuwa garin ciyawa ne mai yawo a iska. Ƙudan zuma furanni masu launi da ƙamshi suka fi bi, don haka abin da ke sa ka atishawa kaɗan ne ke shiga saƙa. A 2002 an gwada a Jami'ar Connecticut ta Amurka, waɗanda suka sha zumar yankinsu ba su fi sauran samun sauƙi ba.

Kada ka ce na raina zuma. Allah ya ce a Suratun Nahli akwai waraka a cikinta, kuma na gani a jikina. Ka sha da ruwan ɗumi da lemun tsami. Sai dai don Allah kada ka ajiye loratadine ɗin da likita ya rubuta maka, tunda kana da asma. Idan ka dawo daga waje ka wanke fuska, ka sauya kaya.

Jaririyarku kuma ko ɗanɗano kada a ba ta sai ta cika shekara 1, akwai ƙwayar cuta a zuma da hanjin jarirai ba ya iya ƙarfinta. Ka faɗa wa uwargida, ka kuma gaishe min da ita.

Naka har kullum,
Amininka