Amsa Ga Mai Tambaya Kan Macarthur Da Tumakinsa

Assalamu alaikum Malam,

A zauren taron makon jiya ka miƙe ka tambaye ni dalilin da ya sa na ƙi kiran John Macarthur uban sana'ar ulu a Ostareliya, alhali ƙasar da kanta ta buga hotonsa a takardar dala 2 a shekarar 1966. Lokaci ya ƙure ban amsa ba, ga amsar.

Da farko, ba shi ya kai tumakin Merino, masu ulu mai laushi 'yan asalin Sifen, ƙasar ba. Wasu hafsoshin jirgin ruwa biyu, Henry Waterhouse da William Kent, su suka sayo su daga kudancin Afirka a 1797, Macarthur ya sayi kaɗan daga ciki kamar yadda wasu suka saya. Limamin coci Samuel Marsden ma yana nasa kiwon a lokacin, yana haɗa iri.

Abin da Macarthur ya fi su da shi baki ne da sanin ƙofar manya. A 1801 ya yi fito-na-fito da bindiga da shugabansa na soja, William Paterson, ya harbe shi a kafaɗa. Gwamna King, mai riƙe wa Ingila mulkin yankin, ya tasa ƙeyarsa zuwa Ingila don a yi masa shari'ar soja. Mutumin da aka tura a hukunta sai ya tafi da samfurin ulu a cikin kayansa! Ya kuwa faɗa a kan gaɓa, domin yaƙi da Faransa ya sa masu masaƙun Ingila fargabar yankewar ulu mai laushi da suke samu daga Sifen. A 1803 ya rubuta wa hukuma takarda cewa tumakinsa za su iya cike giɓin, muddin aka ba shi fili da ma'aikata. Sir Joseph Banks, wanda ke kula da garken sarkin Ingila a lokacin, bai gamsu ba. Amma Lord Camden, sakataren harkokin mulkin mallaka, ya ba da umarnin a yanka masa eka 5,000. Shari'a ta bi ruwa, Macarthur ya sayi 'yan tumaki a gwanjon garken Sarki George na Uku a 1804, ya koma a 1805 ya zaɓi makiyaya mafi kyau, ya raɗa mata suna Camden Park. Ko ba a faɗa ba, ka san wa ake gode wa.

Ka lura, Malam, a kan alkawari aka ba shi filin nan, tun ulun bai taka kara ya karya a kasuwa ba. Kuma filin yana da masu shi, mutanen Dharawal ne, ba wanda ya nemi izininsu. Masu bin garken kuwa fursunoni ne da gwamnati ta ba shi.

Sai batun da ya fi ci mini rai. Bayan ya shiga gaba wajen kifar da Gwamna Bligh a 1808, ya bar ƙasar a 1809, bai dawo ba sai 1817. A waɗannan shekaru takwas matarsa Elizabeth ce ta riƙe gona da garke da ma'aikata, tana aika ulu Landan, shi yana can yana aiko da wasiƙu.

Ban hana shi nasa ba. Ya hango kasuwar tun wasu na kiwo don nama kawai, ya kuma iya tallata ta. Idan ka ce dillalin farko, zan sa hannu. Idan kuwa uba kake nema, a fara sa sunan Elizabeth a gaba.

Wassalam,
Ɗan'uwanka.