Amsa ga mai tambayar "wa kuka taɓa fitarwa?"

Malam, barka da aiki.

Na ji tambayar da ka jefo min a shirinka na wasanni: wai gasar ƙwallon mata ta shiyya da muke fama da ita wace 'yar wasa ta taɓa fitarwa, ko kuwa hanyar cin abinci kawai muka buɗe wa kanmu. Har sunana ka kama don kada a yi ɓatan kai. Na gode.

Zancen cin abincin ne ya tsaya min a rai. Shekara tara ke nan ina horar da yaran nan. Ni ke sayen ruwan leda, ni ke biyan motar haya. Akwai ranar da yara biyu suka yi karɓa-karɓa da takalmi ɗaya, wannan ta buga kafin hutun rabin lokaci, waccan bayansa. Kafin yarinya ta taka fili sai na durƙusa gaban mahaifinta, na yi alƙawarin dogon wando da ɗankwali da dawowa gida kafin magariba. In wannan ne cin abinci, bismillah, matso.

Batun fitar da 'yan wasa kuwa, ai kai ne masani. Asisat Oshoala, gwarzuwar Afirka har sau shida, a ƙaramar ƙungiyar FC Robo ta Legas ta taso, ta wuce Rivers Angels, sannan Liverpool da Barcelona. Rasheedat Ajibade ma Robo ce ta raine ta. Za ka ce duk 'yan Kudu ne. Haka ne, domin can an bar yara sun buga tun suna ƙanana. Ga Nasarawa Amazons nan a Lafiya, ta ci gasar ƙasa a 2017, sama kuma ba ta faɗo ba.

A Yulin 2025 da Super Falcons, tawagar matan Najeriya, suka doke Maroko 3-2 a Rabat suka ɗauki kofin Afirka karo na goma, ihu ka yi har muryarka ta dushe. Kowa na son girbi, shuka ce ba a zuwa. Mu nan sai ƙarfe biyun rana ake ba mu fili, bayan maza sun zaɓi safiya da yamma. Wannan ba ka taɓa tambayar kowa a kansa ba.

Ban ce don ba kai aka ba sharhin wasan ƙarshe na bara ba ne ka fusata. Mutane ne ke faɗa.

Muna da wasa ranar Asabar, ƙarfe biyu. Ka taho da lema, ba mu da rumfa.

Wassalam,
Mai horar da 'yan matan da ka ce babu su.