Zuwa ga Abba, kan sabon aikinka

Abba, assalamu alaikum. Ya Abuja, ya baƙunta? Mamanka ta ce min an gama muku tirenin har an fara haɗa ka da kwastomomi, to Allah ya sanya albarka. Na ce bari in rubuto maka ne don a waya kullum cikin sauri kake.

Ka ga aikin nan na ba mutane shawara kan kuɗinsu, wanda zai zo ya zauna gabanka wataƙila malamin firamare ne da ya yi shekara 35 yana koyarwa yanzu aka biya shi giratuti, ko baiwar Allah da mijinta ya rasu aka raba gado ta zo da ɗan tumunin takabarta ga marayu a gabanta, to dan Allah kafin ka buɗe kwamfuta ka fara nuna musu lissafi ka tambaye su tukuna. Kuɗin nan na mene ne, yaushe za a buƙace shi, mutum nawa ke ci a gidan, akwai bashi, akwai 'yar da za a aurar bana, ko kujerar Makka ake tarawa? Mutanenmu ba sa faɗin abin hannunsu a zama ɗaya, sai ka yi haƙuri ka gaisa sosai ka tambayi iyali. Kuma akwai kara, dattijo zai ce maka "na gane, na gane" alhali wallahi bai gane ba, kunya ce kawai kar yaro ya raina shi. Ka yi masa bayani da Hausa, ka ce Baba maimaita min yadda ka fahimta, sannan ya sa hannu a fom.

Ka riƙa faɗin asara kafin ka faɗi riba. Da yawa za su zo maka da zancen wani wuri da ake ninka kuɗi a wata guda, ganin kitse suke wa rogo. MMM ta yi alkawarin kashi 30 cikin ɗari duk wata, a Disamba 2016 ta rufe asusun mutane, CBEX ma haka ta yi a Afrilu 2025, mutane suka wayi gari ba uwar kuɗi ba riba. Ka koya musu su duba ko kamfani na da rajista da SEC, hukumar da ke sa ido kan harkar zuba jari, don takardar rajistar kamfani ta CAC da ake ɗaga musu ba lasisin juya kuɗin jama'a ba ce. Shi ma mai jibge kuɗi a asusu yana ganin ya tsira, ka nuna masa yadda hauhawar farashi ta haura kashi 34 a ƙarshen 2024, kuma inshorar NDIC, hukumar da ke biyan masu ajiya in banki ya rushe, naira miliyan 5 ce iyakarta ga mutum ɗaya a bankin kasuwanci, waɗanda kuɗinsu ya wuce haka a bankin Heritage da aka soke lasisinsa a 2024 sai jira suka koma yi.

Mai gudun kuɗin ruwa kar ka kuskura ka kalle shi kamar wanda bai waye ba. Ka san Sukuk, takardar zuba jari marar ruwa da gwamnatin tarayya ta fara a 2017 da naira biliyan 100 don aikin hanyoyi, ga bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, Jaiz tun 2012, da TAJ da Lotus, ko a fansho ma akwai asusun da ba ruwa a ciki. Ka karance su da kyau. Amma kai ba malami ba ne, in aka zo kan halal da haram ko lissafin zakka ka ce ya je ga malaminsa.

Sai ofis. Za a ɗora maka taget, oga zai matsa, kuma akwai hajar da kamashonta ya fi tsoka, nan ne nake ji maka tsoro Abba, ranar da abin da ya fi maka riba ba shi ne ya dace da mutumin ba. Ka gaya masa nawa za a cire masa da nawa kai za ka samu, in taget bai cika ba a wannan watan ya cika a wani. Kuɗin kwastoma kar ya taɓa bi ta asusunka ko da na minti ɗaya ne, ko da ɗan uwa ne. Abin da ka gani a asusun wani kuma ko ni ko Mamanka kar ka gaya mana. Ka gaida maigadi da masinja da mai shara da sunansu, in an kafa majalisar gulmar oga ka tashi ka kama aikinka, lokacin salla ka fita ka yi abarka ba tare da ɓoye-ɓoye ba.

Na ji ka ce za ka sayar da tattabarunka wai ba lokaci. Ban yarda ba. Tun kana firamare kake tashi da asuba ka share musu ɗaki ka zuba musu gero, kuma mai yini yana kallon kuɗin mutane yana buƙatar wani abu nasa da ba ruwansa da kuɗi. Ƙaninka zai ci gaba da kula da su, ka dai riƙa turo masa na gero duk wata, in ka samu gida mai fili sai ka ɗebi biyu-uku ka tafi da su. Ƙwallon Asabar ɗin ma ka nemi inda ake bugawa kusa da kai.

Mamanka na gaishe ka, ta ce ka turo mata lambar direban motar da za a ba saƙon yaji da kuka. Allah ya yi maka albarka, ya tsare ka da haƙƙin mutane.

Babanka