Wasan ƴan gawayi na ƙasar Filifin da ya hana ni bacci

Assalamu alaikum Edita, da fatan kana lafiya da kai da abokan aikinka, Allah ya ƙara basira. Don Allah ka ɗan sam min fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi magana akan wani wasan kwaikwayo na ƴan ƙasar Filifin da na kalla a YouTube, irin mai zuwa kashi-kashi ɗin nan, wanda gaba ɗayansa akan rayuwar masu ƙona gawayi aka yi shi.

Ni dai gaskiya ba ma'abocin kallon finafinan su bane, ƙanwata ce ke bibiya, ita da ƙawayenta sun san ƴan wasan kamar ƴan unguwarsu. Ranar ta miƙo min waya tace yaya kalli wannan sai kace Umma, ina dubawa naga wata mata a durƙushe tana ƙulla gawayi a leda, ta sa bayan hannu ta share zufa sai ga baƙin layi ya fito mata a goshi. Wallahi haka mahaifiyarmu take yi, shekara da shekaru tana saida gawayin ƙulli a cikin gida, da shi aka siya mana littafi da takalmin makaranta. Daren nan sai da na ƙarar da datar da na sa ta wata.

Abin da yasa na ɗauko alƙalami shine mutane da yawa suna kallo ne a matsayin labari kawai, ayi kuka a share hawaye a wuce na gaba, alhali irin wurin da ake nunawa akwai shi a zahiri. A yaren su na Tagalog gawayi sunansa uling, wurin da ake ƙona shi kuma ulingan, kuma da wannan sunan aka san wata unguwa a yankin Tondo cikin birnin Manila, dab da tashar jiragen ruwa, kusa da wani tsohon juji da ake kira Smokey Mountain, wato dutse mai hayaƙi, saboda shara ce ta taru shekara sama da 40 ta zama tsauni kuma tana ci da wuta da kanta. Gwamnati ta rufe jujin a 1995 amma talauci bai tashi daga wurin ba, mutane suka ci gaba da rayuwa a gefen bola, wasu na tsintar roba da gwangwani wasu na ƙona gawayi.

Kuma fa su ƴan Ulingan, a lokacin da suke can, ba daji suke shiga ba, ina daji a tsakiyar Manila? Katakon da aka yar suke tarowa, na gidan da aka rushe, na wurin gini, karyayyar kujera, tsohuwar ƙofa, wani da fentinsa wani da maganin gara a jikinsa, su jera shi su rufe da tsohon langa-langa da jiƙaƙƙiyar ƙasa su cinna wuta, daga nan sai gadi dare da rana na kwanaki, domin in iska ta samu ƙofa ta shiga wutar ta tashi to shikenan an yi asara, toka za a kwasa. Nan ne wasan ya burge ni. Akwai inda uban gidan bacci ya sace shi wajen asuba, ya farka yaga harshen wuta ya fasa ta gefe, ya dinga dumbuzar ƙasa da hannu yana toshewa yana kiran matarsa, ba kiɗa ba komai sai tarin da yake yi. Duk wanda ya taɓa zama da mai ƙona gawayi yasan wanda ya rubuta wannan ya je ya gani da idonsa.

Sai yaran. Bayan an kwashe gawayi su ne ke bin tokar, wani ko silifa babu, suna tsintar ƙusoshin da suka fita daga katakon su tara su kai wa ƴan gwangwan a auna a basu ƴan canji. Toka da sauran zafinta, ga hayaƙin fenti suna shaƙa tun safe, shiyasa tari da ciwon ƙirji da ciwon fata basa rabuwa da su. A wasan akwai wata yarinya da take wanke hannu da omo har sau uku kafin ta tafi makaranta amma ƙarƙashin farcenta yaƙi fita, sai take zama ta naɗe yatsu a aji. Edita na san wannan kunyar, na yi ta, har yau in na tuna sai naji wani abu ya tokare min maƙoshi.

Sun kuma taɓo maganar bashi, irin wanda can suke kira 5-6, ka karɓi biyar ka biya shida, mai bashi na zagayowa kullum ko sati-sati. Gawayin tun yana cikin wuta an riga an cinye kuɗinsa, dillali yazo ya siya buhu yadda yaga dama saboda yasan kana da buƙata, shi kuma ya kai wa masu gasa kaza da nama a bakin titi. Wanda ke cin gasasshen naman ko a mafarki bai san ƙirjin wa aka ƙona ba.

Inda na samu matsala da wasan shine wajen ƙarshe, suma sun faɗa ramin da masu shirya fim ke faɗawa ko'ina, wai wani mai kuɗi ya gano yarinyar, an kwashe iyalin an kai su gida mai fanka, kowa ya yi wanka ya yi fes. Raina bai so ba ko kaɗan, domin ba haka abin ya kasance ga mutanen gaske ba. A 2013 hukumar gidaje ta ƙasar ta kwashe iyalan Ulingan ta kai su garin Bocaue a lardin Bulacan, kusan kilomita 30 daga Manila. Gidan bulo ne, iska mai kyau, yara sun huta da hayaƙi, wannan alheri ne babu musu. To amma sana'ar fa? Katakon a Manila yake, masu siye a Manila suke, mutumin da abin da ya iya kenan ka kai shi inda babu ko ɗaya, kuma ga kuɗin gida da na wuta da na ruwa suna jiransa. Abu ne sananne a ƙasar cewa da yawa cikin waɗanda ake tayarwa irin haka magidantan kan koma birni neman abinci su bar iyali a can. Wannan kashin na labarin shi naso a nuna, yafi zuwan attajiri nauyi nesa ba kusa ba.

Mu ma nan ya kamata mu duba, tunda gas yayi tsada gidaje da yawa sun koma kurfoti, buhun gawayi sai hawa yake, a gefe guda kuma wasu jihohi sun hana sare itace don gawayi, kuma suna da gaskiya, daji na ƙarewa hamada na matsowa, ni ban musa ba. Amma in an tashi kamu wa ake kamawa? Wancan bawan Allah mai baƙin hannu da ya kwana a bakin rami, shi da ko kwatan ribar baya gani. Ban taɓa ganin an tambaye shi me zai koma yi in ya bari ba.

Don haka roƙona gare ka Edita, ka tura wakilinka ya kwana ko dare ɗaya ne inda ake ƙona gawayi, ya tambayi nawa ake siyan buhu a bakin rami nawa yake isowa gari, ya dubi ƙirjin yaran wurin, ya rubuto mana. Masu shirya mana finafinai kuma don Allah ku leƙa irin waɗannan wurare, ba sai falo da mota kullum ba.

Na nunawa Umma wurin matar nan mai ƙulla gawayi, ta karɓi wayar ta matso da ita kusa da ido ta daɗe tana kallo, sai tace in mayar mata baya ta sake gani, wai matar tana cika ledar da yawa, a haka ba zata fitar da kuɗin buhunta ba.

Naku mai karatu a kullum,
daga Rigasa, Kaduna.